Garwar Zuma ta Bakwai

Anas, Rukayya, Bashir, wannan babin kada ku tsallake shi, ko da Hausar ta yi muku nauyi. Wanda ya kasa ya kai wa Rukayya ta karanta masa, ita kaɗai ce a cikinku ba ta karanta Hausa kamar mai tauna tsakuwa. Tun kuna ƙanana kuke jin Khala Nafisa, yayar mahaifiyarku, tana cewa ni na cire zuma daga bakin kakanku na ba ƙudaje har ya mutu. Kun ji a gidan biki, kun ji a gidan suna, Sallar da ta wuce kuma jikokina ma suka ji a falon Anas a unguwar Safa, lokacin da aka miƙa mata gurasa da zuma ta ture farantin da bayan hannu. Ban taɓa ba ta amsa ba. Kun ɗauka haƙuri ne, ko kuwa kunyar yayar mata, wadda a wurinmu suruka ce, ba a sa-in-sa da ita. Akwai wannan, amma ba shi kaɗai ya rufe mini baki ba. Ranar da na ɗauki biro mahaifiyarku ta leƙo ta kafaɗata ta ce:

"Abu Anas, in za ka rubuta, ka rubuta har da sandar. In ba za ka iya ba, khalas, ajiye biron ka sha shayinka."

To, zan rubuta har da sandar.

Kakanku Baba Usmanu Bahaushen Sudan ne, aikin Hajji ya kawo shi yana saurayi bai koma ba. A unguwar Sharafiyya ta Jidda ba a san shi da wani suna ba sai Mai Zuma. Yana da amya ashirin da huɗu, irin ta mutanen dutse: kututture ne dogo da aka rarake cikinsa, gaba ƙaramar ƙofa ta ƙudan, baya murfi inda ake buɗewa a yanka saƙar zuma. Ƙudansa 'yan ƙasa ne, ƙanana, masu jure ƙishirwa, ba irin waɗanda ake shigowa da su cikin kwali su mutu da zafin farko ba. Da zafi yana kai su kan duwatsun wajen Ɗa'ifa, su ci furen ƙaya, daga baya su ci na kurna, wadda nan ake kira sidir. In sanyi ya ƙarato sai a sauko da su wani kwari kudu da Jidda, domin ɗarin dutse kashe su yake yi. Mutum ne mai ƙarancin magana da taurin kai. Abu guda ya rantse a kansa tun kafin a haifi mahaifiyarku, cewa ƙudansa ba za su ɗanɗana sukari ba muddin yana numfashi. Sauran masu zuma kan dama musu ruwan sukari in fure ya ɗauke, ba kuma wanda yake ganin laifinsu. Shi dai in an yi masa zancen sai ya ce:

"Sukari na shayi ne, ya waladi. Wanda ya sayi zumata don ciwo, ba zan sayar masa da shayi ba."

Ni kuwa direba ne. Daga ƙasar Damagaram na zo, iƙamata, wato takardar zama, ta tuƙi ce, ina ja wa kafilina, ubangidan da ya tsaya mini, wanet, ƙaramar motar kaya, mutumin kirki ne yana bar mini ita ranakun hutu. Da na auri mahaifiyarku muka zauna gidan Baba a unguwar Waziriyya, sai hawa da saukar amya ya zama aikina. In kai su, in dawo da su, shi ke nan. Yanka kuwa shi kaɗai yake yi, ya kwana bakwai a dutse, in je in ɗauko shi da garwa huɗu, in shekara ta yi kyau biyar. Bai taɓa cewa in zo in koya ba, ni ma ban taɓa roƙo ba, domin a ganina babu abin da zan koya. Mahaifina mai amya ne a ƙauyenmu, da bakina nake yawan faɗi cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Baba in ya ji sai ya dube ni ya ci gaba da jan carbinsa.

Sai kun san yadda muke yi a gida kafin ku gane wautar da na yi. A can zuma baƙuwa ce. Ka saƙa amya da ciyawa, ka shafe ta da kashin shanu, ka turara ta, ka ɗora a kan gawo ko tsamiya, ka koma gida. Ƙudan daji su zo da kansu su shiga. In lokaci ya yi ka hau da wuta ka kwashe duk abin da ke ciki, zuma da saƙa har 'ya'yan, ƙudan su watse su koma daji. Baɗi wasu su zo. Ba wanda ya taɓa tambayar abin da za su ci bayan ka sauko, daji na nan, daji zai ciyar da su. A nan kuwa ƙudan zuma dabbar gida ce kamar akuya. Ba wani daji da zai aiko maka da wasu, in ka rasa na hannunka ka rasa ke nan. Shekara shida ina ɗaukar amyar nan a kafaɗata, ban lura da wannan bambanci ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ni nawa kukan ya ci rayuka.

A shekarar da nake ba ku labari Anas yana rarrafe, ku biyun ba a san da ku ba. Kurna tana tsakiyar fure Baba ya faɗi a bakin masallaci bayan La'asar. Ya yi mako biyu a asibiti, aka dawo mana da shi ɓarin dama ya shanye, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi gumi kafin ta fito. Amma hankalinsa garau, idonsa yana bin kowa. Khala Nafisa ta baro gidanta a Sharafiyya ta tare wurinmu da jinya, kuma ko maƙiyinta ba zai ce ba ta yi ba: ita ke juya shi, ita ke aske shi, ita ke ba shi abinci a baki. Lokacin yanka ya zo, babu ɗa namiji a gidan, sai kowa ya dube ni. Ranar da zan hau dutse na shiga yi masa sallama. Ya yi ta nuna bayan ƙofa da hannun hagu har mahaifiyarku ta gane, ta ɗauko wata sandar zaitun, ba ta kai tsawon hannu biyu ba, ta yi baƙi don riƙo, da tsaga guda a jikinta. Ya ɗora babban yatsansa a kan tsagar, ya dube ni, yana ta kokawa da bakinsa.

"Nan," in ji shi. "Nan."

"Na ji, Baba. Kada ka damu, ɗan mai zuma ne ni."

Na taɓa hango shi daga nesa yana zura sandar cikin amya, na ɗauka kunama yake dubawa. Na karɓa da hannu biyu don ladabi, na fita, na tura ta ƙarƙashin kujerar mota. Ban sake tunawa da ita ba.

Kwana huɗu na yi a dutse. Na sha harbi har idona ɗaya ya rufe, ban damu ba, ai ba a shan zuma sai an sha harbi. Na buɗe kowace amya ta baya, na yi ta yanka ina shiga ciki har inda hannuna ya kai, ban tsaya ba sai da na iske saƙar da ke da 'ya'ya. Ita na bar musu, har ina yaba wa kaina tausayi, don mahaifina da ita ma zai haɗa. Na sauko da garwa bakwai, a shekarar da kowa ke kukan kurna ba ta yi ba. Kafin mako ya zagayo shida sun tafi wurin mutanen da suka saba jiran zumar Baba, har da masu Umra da aka yi wa kwatancen gidan. Tsofaffin Sharafiyya suka riƙa tare ni a hanya suna cewa suruki ya fi mai gida hannu. Kaina ya kumbura, na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Ta bakwai Khala ta hana a taɓa, ta sa aka kai ɗakin Baba. Kullum da safe cokali biyu da habbatus sauda, ita da imaninta wannan ne zai tashe shi. Da aka gaya masa garwa bakwai na kawo, bai yi murmushi ba. Ya dube ni ya daɗe, ya juya fuska bango. Na ce a raina kishin tsoho ne.

Na sauko da amyar kwari kamar yadda aka saba, na jera su kan ƙarfe, na sa ƙafafun ƙarfen cikin gwangwanayen baƙin mai saboda tururuwa, na yi musu rumfa da buhu. A shekarar kirki ruwan farkon sanyi kan sauka a kwarin, ciyawa ta fito, fure ya biyo. Wannan shekara sama ta yi shiru. Ba ɗari ke kisa a kwarin ba, ku da aka haifa a Jidda kun san sanyinmu na rigar sama ɗaya ne. Yunwa ce ke kisa. Mako uku bayan saukowa na je duba su ranar Juma'a da hantsi, tun daga mota na ji wurin ya yi tsit. Amya ashirin da huɗu in suna da lafiya kana jin kukansu kafin ka gan su. Na tarar da gawarwaki a bakin ƙofofi, waɗanda ke da rai suna tafiya a ƙasa ba sa iya tashi, har fararen 'ya'yan sun jawo sun zubar waje. Na ɗaga amya ɗaya da hannu guda, ba nauyi. Akwai wani Bayamane, Abu Salih, da ke ajiye nasa ƙudan a gefen namu, ya san Baba shekara da shekaru. Ya zo ya buɗe murfi ɗaya ya leƙa, ya buɗe na biyu, sannan ya miƙe yana kallona.

"Wa ya yanka wannan?"

"Ni ne."

"Ina sandar Amm Usman?"

Na je na laluba ƙarƙashin kujera na ɗauko. Ya karɓa ya zura ta cikin amyar daga baya, a hankali, har tsagar ta zo daidai bakin kututturen, ya tsaya.

"Nan wuƙa take tsayawa. Daga nan zuwa baya naka ne. Daga nan zuwa gaba nasu ne, abincinsu na shita, lokacin sanyi. Kai ka cinye musu har tukunya, ya shekh."

Na leƙa. Bayan kan sandar akwai fili wajen taƙi biyu, wayam, duk ni na kwashe. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, ko kafin ta ko bayanta. Abu Salih ya ga yadda na yi, sai ya sassauta. Ya ce abin da sauƙi, buhu biyu na sukari, a dama da ruwan ɗumi, a sa musu duk bayan kwana uku har ruwa ya sauka, ashirin a ciki za su rayu. Ya ce shi ma abin da yake yi ke nan, kafin lokacin kurna sun cinye shi ƙarƙaf, ko ɗigo ba ya shiga zumar sayarwa. Ya ƙara da cewa tsoho yana kwance, wa zai gaya masa? Na tsaya a kantin hanya na sayi buhu biyun, na ɗora a bayan mota. Sai dai maimakon in juya kwari, na tsinci kaina na nufo Waziriyya. Ba tsoron Allah ne kaɗai ya juyo da ni ba, in faɗi gaskiya. So nake tsohon ya ɗaga mini kai ya ce to, don in an yi zancen rantsuwa a ce shi ya warware abarsa.

Khala ta tafi Sharafiyya ɗauko kaya a ranar, daga ni sai mahaifiyarku a ɗakin, Anas yana bayanta. Na durƙusa a gaban gado na ajiye sandar, na faɗi duk abin da na yi, ban rage ba. Bai yi mamaki ba. Tun ranar da aka ce masa bakwai ya sani, fiye da mako uku yana kwance da abin a cikinsa ba bakin faɗa. Na ce:

"Baba, ga sukari a mota. Na wannan shekarar kawai. In ka yarda, yau ɗin nan zan koma."

Ya rufe ido ya girgiza kai.

"Za su mutu duka, Baba."

Ya sake girgizawa, har gadon yana motsi. Sannan ya ɗaga hannun hagu ya nuna lungun da garwar take. Mahaifiyarku ta ɗauka cokali yake so, ta tashi ta ɗebo. Ya kawar da kai, ya sake nuna garwar, ya nuna ƙofa.

"Nasu," in ji shi. Ya huta. "Mayar."

"Abuya, maganinka ne fa," in ji mahaifiyarku. "Yaya za ta kashe mu."

"Nasu."

Na ce garwa ɗaya ba za ta riƙe ashirin da huɗu ba. Ya buɗe yatsu biyar, ya dunƙule, ya buɗe uku. Takwas. In zaɓi takwas masu sauran ƙarfi in ba su, sauran in bar wa Allah. Na ɗan yi jinkiri ko zai sake tunani, sai ya ɗauki sandar ya buga ta a gefen gado. Na sunkuci garwar na fita, saura kaɗan ta cika, don cokali biyu a rana ba ya cin garwa.

Abu Salih ya ce mahaukata biyu ne a gida ɗaya, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. Duk da haka shi ya taya ni zaɓe, yana kara kunne a jikin kowane kututture. Muka ware takwas muka kai su can gefe, muka rage musu ƙofa don kada masu yunwa su afka musu. Na riƙa zuba zumar a murfin gwangwani, in jera tsinke a kai don kada su nutse, in tura ta baya in rufe. Duk bayan kwana uku, ina tashi daga aiki sai kwari. Sha shidan nan kuwa a gabana suka ƙare. Wasu suka fita ba su dawo ba, wasu suka dunƙule a kan busasshiyar saƙa suka mutu a haka, tsutsa ta shiga ta gama da kakin. Buhunan sukarin suna bayan motata duk tsawon wannan lokaci, taku goma tsakaninsu da masu mutuwa. Sau biyu ina kwance bakin buhu ina sake ɗaurewa. Rantsuwar ba tawa ba ce, kuma har yau ban tabbata ba ko daidai na yi da na riƙe ta. Na dai san na riga na saɓa wa mutumin nan sau ɗaya da rashin sani, ban iya na saɓa masa na biyu ina sane ba. Sukarin a ƙarshe gidanmu ya shanye shi a shayi, ya kai mu har bayan azumi.

Washegarin ranar da na fita da garwar Khala ta zo da cokalinta ta tarar da lungu wayam. Ina tsakar gida ina wanke mota na ji muryarta.

"Sa'adiyya! Fen al-asal? Ina zumar Abuya?"

"Shi ya ce a mayar wa ƙudan, Yaya."

"Shi ya ce? Mutumin da ba ya iya cewa a ba shi ruwa? Haram aleki! Mijinki ya ɗauke maganin ubanki ya kai wa ƙwari, ke kuma kina tsaye kina gyara masa zance!"

Ta shiga ta tambayi Baba da kanta, ya ɗaga kai alamar e. Ta ce marar lafiya ko me aka ce masa ɗaga kai zai yi. Ta je kasuwa ta sayo zuma mafi kyau da ta samu, ta kai masa baki. Ya shinshina, ya datse haƙora. Ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi faɗa, bai buɗe ba, har ya bar duniya bai sake lasar zuma ba. Abin da Khala ba ta tambaya ba a lokacin shi ne me ya sa ƙudan suke yunwa, ni kuma ban yi karambanin faɗa ba. Na roƙi mahaifiyarku ta rufa mini asiri, ta rufa, shekara talatin da wani abu. Mutane suna ganin fari ne ya ci amyar Mai Zuma. Na gwammace a ce da ni marar tausayi da a ce da ni jahilin da ya yi ta cika baki da sana'ar ubansa. Wannan ne ya rufe mini baki, ba haƙuri ba.

Baba ya rasu wata biyu bayan haka, ciwon ne ya sake bugunsa da safe Khala tana shafa masa mai a ƙafa. Likita ya ce zuma ba ta hana irin wannan, ba ta kawo shi. Na riƙe maganar likitan nan kamar layar tsari, na yi ta maimaita wa kaina. Kwana tara bayan an kai shi ruwa ya sauka, irin wanda ke cika titunan Jidda. Da hanya ta buɗe na je kwari, garwar saura abin da ba zai cika kofi ba. Bakwai daga cikin takwas suna da rai. Da ciyawa ta yi fure na ga suna shigowa ƙafafunsu ɗauke da rawaya, sai na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Duk amyar da nake da ita yau daga bakwai ɗin nan ta fito, duk zumar da kuka tashi kuna lasa jikokinsu ne suka yi ta, kuma har yanzu ba su san sukari ba.

Da na kawo nan a rubutu na ɗauka na gama, na wanke kaina gwargwado: na yi laifi, amma ba wanda ake faɗi ba. Na karanta wa mahaifiyarku. Ta ce bai kamata 'ya'ya su ji abin da Yaya ba ta ji ba, in tashi in je. Na ɗauki sandar na tafi Sharafiyya bayan La'asar. Khala ta tsufa, gwiwa ta hana ta yawan sauka daga bene, amma bakin yana nan yadda kuka san shi. Na gaishe ta na zauna daga bakin ƙofa, na faɗa mata komai kamar yadda na faɗa muku. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta miƙo hannu na ba ta sandar, ta lalubi tsagar da yatsa ba tare da ta duba ba.

"Ni na riƙe masa ita ranar da ya yi wannan tsagar, ina 'yar shekara tara," in ji ta. "Ranar da ka sauko da garwa bakwai, ni na fitar da kwanukan abincinka daga mota. Na gan ta ƙarƙashin kujera, fes, ko ɗigon zuma babu a jikinta."

"Ashe kin sani, Yaya."

"Na sani."

"Kin kuma san shi ya ce a mayar."

"Ubana ne, ya Ilyasu. Tun kafin Sa'adiyya ta buɗe baki na san shi ne. Wa zai yi wannan in ba shi ba?"

Na ce to don me shekara talatin take cewa ni na cire zuma daga bakinsa. Ta dube ni kamar yadda Baba yake dubana in na yi zancen barewa.

"Da ka tsaya a nan," ta ɗora yatsa a kan tsagar, "da ƙudan sun ci nasu, shi ya ci nasa. To wa ya cire, in ba kai ba?"

Na zo da niyyar gyara maganarta, sai na tarar ba ta da abin gyara. Na zauna wurinta har aka kira Magariba. Da na tashi tafiya na bar mata sandar a kan kujera, tunda ta ubanta ce. Ina kan matakala ta kira ni.

"Zo ka ɗauki abarka. Me za ta yi mini a ɗaki? Yalla, kai ta inda take aiki."

Saboda haka, in kun sake jin Khala ta faɗi maganar nan, kada wanda ya ɓata fuska, kada wanda ya tashi kare ni. Ku ba ta wuri ta faɗa, gaskiyarta ce. Ban sa rai za ta ci zumata ba, ban kuma roƙe ta ba. Kurna ta kusa gama fure, ƙafata ba ta hawa dutse bana, ɗayanku ne zai je, ku shirya tsakaninku. Sandar tana bayan ƙofar ɗakina. Wanda zai hau ya zo in ɗora masa yatsa a kan tsagar tun bakina yana iya faɗin abin da take nufi, kuma kada in ji ya ce mini shi ɗan mai zuma ne.